Wurin alaimen da na kai motata bayan na faɗa rami

Daren Talata ina dawowa ana ruwa, ramin ya cika taf ban gan shi ba, sai dai na ji gwaram a tayar gaba ta dama har haƙorana suka haɗu. Na sauka na haska da waya, taya ba ta sace ba, na ce Alhamdulillahi na wuce. Washegari da gudu ya kai 80 zuwa 90 sai sitiyari ya kama karkarwa, in na sassauta hannu kuma motar ja take yi dama.

Ni alaimen kawai na je yi, wato a saita tayoyin su miƙe daidai. Amma yaron wurin ya ce, "Oga bari mu fara ɗaga ta, in akwai abin da ya saki a ƙasa alaimen ɗin ba zai zauna ba." Ya sa jak ya kama tayar ya girgiza ta hagu da dama, sannan sama da ƙasa, wai tarod da bol joyin da boris yake dubawa, wato ƙarafan da ke riƙe taya da juya ta, duk lafiya. Sai da ya kwance ta ya ɗora a injin balansin, mai auna daidaiton nauyin taya, na ga rim ɗin, wato ƙarfen da taya ke kai, yana rawa da idona, ashe ta ciki ya lotsa, inda ba za ka taɓa gani ba in tayar na jikin mota. Ya shafa ruwan sabulu a wurin, ga kumfa tana tasowa a hankali, wato iska na zurara ban sani ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali kumburin da ya nuna min a gefen tayar, kamar ƙwai. Na ce a yi faci mana, ya ce a'a wallahi, zaren ciki ne ya tsinke, faci ba ya riƙe gefe kuma tana iya fashewa ana cikin gudu. Nan ya burge ni gaskiya, da wani ne karɓar kuɗina zai yi ya sallame ni.

Rim ɗin na alminiyom ne, bai tsage ba, da inji suka miƙe shi ba da guduma ba. Na sa sabuwar taya, aka yi balansin, aka liƙa darmar daidaita nauyi, sannan alaimen a ƙarshe.

Inda suka gaza shi ne jira, awa uku na yi kuma babu wurin zama na kirki, ya kamata su gyara wannan. Yau sati guda ke nan, na taka har 100 sitiyari ko motsi ba ya yi.