Hattara da masu shafe rufin shaguna da baƙin mai a Yamai

Masu shaguna, magaza da ofisoshi masu rufin dal (wato na zubin siminti) a Yamai, don Allah ku karanta wannan kafin damina ta sauka. Bara abin ya same ni, kuma makon jiya wani maƙwabcina ya ce ya ga mutanen suna zagaye wajen Bukoki da Katako.

Shagon fotokwafi da sayar da takardu gare ni a Wadata. A watan Mayu, ana tsakar bazara, samari uku suka zo a kan babura biyu, da bokitai masu rubutun waje. Babbansu akwai daɗin baki. Ya ce: "Alhaji, wannan magani daga Turkiyya ya zo, shekara 10 ko ɗigo ba za ka gani ba." Ya nuna mini hotunan gine-gine a waya, wai duk aikinsu ne. Muka daidaita a kan jika 350, na ba da 200 kafin alƙalami. Yini ɗaya suka gama. Na hau na ga rufi baƙi wuluk yana sheƙi, na cika musu kuɗinsu har da na shayi.

Ruwan farko mai ƙarfi a watan Yuni, da asuba maigadi ya buga mini waya. Na tarar ruwa ya bi tiyon na'urar sanyaya ɗaki ya gangaro bango, yana ɗiga a kan injin fotokwafi. Kwalayen takarda 14 sun zama kunu. Lambar da suka bar mini kuwa a kashe take har yau.

Wani dattijon magini na kira. Ya kankari baƙin abin da wuƙa, ya kai hanci, ya miƙo mini: "Shinshina, Alhaji." Warin gareji ne sak. Baƙin man da ake juyewa daga mota suka dama da ɗan kwalta. Ya durƙusa gindin tiyon, ya sa yatsa ya zaro tsumma da guntun buhun siminti. Abin da suka cusa a ramin ke nan suka shafe samansa.

A nan ne dattijon ya ce mini abin da da na sani ban yi asara ba: fili kawai suka shafa, don shi ido ke gani, alhali ruwa ya fi shiga ta inda aka huda rufin. Muka ƙirga hudojin nawa: tiyon na'urar sanyaya ɗaki biyu, ƙafafun ƙarfen sola, tiyon tankin ruwa, kusoshin tsohuwar eriya da aka cire aka bar ramukansu, sai bakin indararo. Ƙarfe da siminti ba sa buɗewa daidai da juna idan rana ta gasa su. A nan da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, kullum sai sun motsa, tsaga ta buɗe a tsakaninsu. Shafe mai ruwa-ruwa ba ya riƙe wannan tsagar.

Shi dattijon kwana huɗu ya yi, biyu daga ciki wajen kankare ƙazantarsu, don tabarmar kwalta ba ta kama wurin da mai ya jiƙa. Ya gina wa kowane tiyo ɗan wuya na siminti, ya bari ya bushe, ya shafa ruwan kwaltar share fage, sannan ya manna tabarmar da wutar gas. Ya ɗaga ta santimita 15 a jikin wuyan da gindin katanga, gaɓa kuma ta hau gaɓa da kamar santimita 10. Mai fuskar alminiyom ya sa, don kwalta tsirara rana na busar da ita ta tsattsage. Da ya gama ya toshe indararo, ya tara ruwa kamar yatsa uku a kan dal, ya ce kada in ba shi ko dala sai ya kwana biyu silin bai yi tabo ba.

Wannan gwajin ne 'yan damfarar ba sa yarda da shi, shi ya sa suke yawo da bazara, lokacin da babu ruwan da zai tona su. Duk wanda ya zo muku, ku ce masa sai an tara ruwa kafin biya, ku ga yadda fuskarsa za ta yi. Ku buɗe bokitin ku shinshina. Ku nemi ya kai ku ginin da ya yi wa aiki wanda ya ci damina ɗaya, ku yi magana da mai ginin da kanku. Kayan aikin ma gara ku je Katako tare ku saya.

Babban nasu dogo ne, yana da wushirya, kuma lamba yake canzawa. Na kai ƙara wajen 'yan sanda. Wanda suka zo wa, ya riƙe su da hira ya ɗauki hoton lambar baburan.