HP EliteBook 840 G5 ta hannu: tana da ƙwari, amma a leƙa cikinta kafin a biya

A shagunan Farm Center da titin Beirut a Kano, wannan kwamfuta tana cikin waɗanda ake yawan miƙo wa ɗalibai da ma'aikata. Ta fito a 2018, allonta inci 14, jikinta na alminiyam, kuma tana da gurbin RAM biyu da ke ɗaukar har 32GB. Mun yarda da ita don aikin ofis da karatu. Don wasanni masu nauyi kuwa, a nemi wata.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne furosesa, wato injin da ke sarrafa ayyukan kwamfutar. Sunan ɗaya ne, amma akwai mai i5-7300U, akwai mai i5-8350U. Lambar farko bayan karan (7 ko 8) ita ce ke nuna zubin furosesar. Ta bakwai ƙwaƙwalwa biyu gare ta, ta takwas huɗu, kuma ta takwas ɗin ce Windows 11 ke karɓa a hukumance. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, bai kamata a biya su kuɗi ɗaya ba. Kada ka dogara da sitikar da ke jiki, buɗe Task Manager ka karanta da idonka.

Sai batir. Sabonsa 50Wh ne. Rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, ka gwada ƙarfinsa na asali da wanda ya rage. In ya gaza kashi 70 cikin ɗari, a rage maka kuɗin sabo, musamman da yanayin wutar NEPA. In wurin shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya ƙi zama, batirin ya kumbura ke nan.

Kashe kwamfutar, kunna, ka danna F10 don shiga BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar. Idan BIOS ta nemi kalmar sirri, ajiye musu kayansu, domin cire ta a irin wannan samfurin sai an taɓa babban faifan lantarkin da ke cikin kwamfutar (motherboard). F2 kuma na kai ka gwajin da HP ta tanada na RAM da SSD (ma'ajiyar fayiloli).

Yawancin waɗannan kwamfutoci na hannu daga kamfanonin Turai da Amurka suka fito, wasu har yanzu a ɗaure suke da rajistar kamfanin. Sa mai shago ya sake loda Windows a gabanka, ya haɗa intanet. In sunan wani kamfani ya bayyana yana neman imel, ba ta sayuwa ba ce.

Gwada kowane maɓalli, kyamara, da ramukan USB, a kuma rubuta lambar siriyal da kwanakin garanti a rasit.