Kasuwar Yahudawan Brooklyn: Kayan Asabar, Riga Mai Geza da Naman Kosha

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na gida, musamman masu aiko da saƙon sayayya birnin New York. Da yawa kuna mamakin yadda saƙon da aka aiko ranar Juma'a ba ya samuwa sai Lahadi. Dalilin yana unguwannin Borough Park, Williamsburg da Crown Heights na Brooklyn, inda Yahudawa masu riƙo da addini suke da yawa, kuma kasuwarsu kacokan a kan dokar addininsu aka gina ta.

Asabar ɗinsu, wadda suke kira Shabbat, tana shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a, ta fita daren Asabar idan taurari 3 sun bayyana. Matan gida suna kunna kyandir minti 18 kafin rana ta faɗi. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, don haka tun bayan azahar ake jan ƙofofin shaguna. A gida ɗan kasuwa yakan rufe ya tafi masallacin Juma'a ya dawo ya buɗe, amma a nan rufewar ta kusan awa 25 ce, babu saye babu sayarwa, ba a taɓa kuɗi. Babban shagon kyamara da kayan lantarki na B&H da ke Manhattan har shafinsa na intanet yake daina karɓar oda sai Asabar ta fita. Mai son kaya ya aiko da kuɗinsa kafin Alhamis.

Ayyuka iri 39 aka hana a wannan rana, ciki har da kunna wuta, kashe ta, dafa abinci, rubutu da yage abu. Malamansu sun sa lantarki a cikin hukuncin, shi ya sa masana'antu suka ƙera kaya na musamman. Murhun gashi na lantarki a Amurka yakan kashe kansa bayan awa 12, amma wanda aka yi wa tsarin Asabar yana ci gaba da zafi, fitilarsa ba ta kamawa, abin da allonsa ke nunawa ba ya canzawa. Ƙwan fitilar firji cire shi ake yi, ko a danne maɓallinsa da salatif. Fitilun ɗaki ana haɗa su da agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa. A wasu asibitoci da dogayen benaye akwai lif mai tsayawa a kowane hawa ba tare da an danna komai ba. Takardar bayan gida ma a yanke ake sayar da ita.

Abincin ranar tun Juma'a ake ɗora shi. Akwai wani dahuwar wake, sha'ir, dankali da nama mai suna colent, wanda ke kwana a kan farantin ƙarfe da aka shimfiɗa bisa ƙaramar wuta ko a kan faranti mai lantarki. Idan ruwan bai isa ba tun farko sai ya kama, domin ba a ƙara ruwan sanyi bayan Asabar ta shiga. Haɗarin da ya fi wannan shi ne gobara: a watan Maris na 2015 irin wannan faranti ya tayar da wuta a unguwar Midwood, yara 7 'yan gida ɗaya suka rasu. Duk wanda zai sayi irinsa don ɗumama abinci a gida ya duba wayarsa da kyau, kuma ya tuna na Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, namu kuwa 230, ba ya aiki sai da taransifoma.

Ga teloli da 'yan Kantin Kwari, sashen tufafi ya fi ɗaukar hankali. Mayafin addu'a sunansa talit, mai kusurwa 4, galibi na farin ulu da ratsin baƙi. Akwai ƙarami da ake sawa a ƙarƙashin riga kullum. Darajarsa tana cikin gezar da ke kowace kusurwa, wato tsitsit. Zare 4 ake zurawa a huda, a ninka su zama 8, ɗaya ya fi sauran tsawo don da shi ake naɗi. Ƙulli biyu-biyu ake yi sau 5, tsakaninsu naɗi 7, 8, 11 da 13 a al'adar Yahudawan da suka fito daga Turai. Zaren kansa dole a kaɗa shi da niyyar wannan ibada, saboda haka zaren kanti, komai kyansa, bai halatta ba. Idan tela ya zagaye kusurwa ɗaya don ado, ya ɓata aikin.

Haka kuma an hana su sa tufar da ta haɗa ulu da lilin. Matsalar takan ɓuya a cikin abin ƙarfafa wuyan kwat ko zaren maɓalli. Akwai masu sana'ar bincike: su tsinke 'yan zaruruwa, su duba da madubin ƙara girma, su liƙa shaida idan tufar ta tsira. Auduga ba ta cikin hanin. Hular gashin dabba da magidantan Hasidawa (wata ɗarika ta Yahudawa masu riƙo da addini) ke sawa ranar Asabar, shtraimel, takan kai dubban daloli, kuma tunda ba a buɗe lema a ranar, ana sayar da rigar leda ta musamman don kare ta daga ruwan sama.

Naman kosha, wato wanda dokar addininsu ta halatta musu ci, ya fi na sauran shaguna tsada sosai, kuma akwai dalili. Mahaucin mai horo ne, yana bin kaifin wuƙa da farce, idan ya ji ɗan gibi yankan ya lalace. Bayan yanka ana duba huhun dabbar. Kafin awa 72 su cika ana jiƙa naman rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa awa 1, a ɗauraye sau 3 don jini ya fita. Uwargida ta rage gishiri da magi idan za ta dafa shi, in ba haka ba miya ta yi zartsi. Cinyar baya ba kasafai ake samunta ba, saboda cire jijiyar da aka hana su ci aiki ne mai wuya.

Musulmi da yawa a nan suna duba tambarin kosha a jikin kayan gwangwani, kuma yana taimakawa idan an san iyakarsa. Harafin U a cikin da'ira tambarin ƙungiyar Orthodox Union ne, akwai kuma K a cikin tauraro. Idan an ƙara D akwai madara, idan an rubuta pareve babu nama babu madara. Waɗannan tambura suna tabbatar da babu alade, amma ba su hana giya ba, domin addininsu bai haramta ta ba, da ita ma suke buɗe cin abincin daren Juma'a. Harafin K shi kaɗai, babu da'ira babu tauraro, kowane kamfani yana iya buga shi, don haka a alewa da kayan zaƙi masu jelatin sai an karanta jerin abin da aka haɗa a bayan kwalin kafin a saya wa yara.