Kuala Lumpur cikin azumi: sharhi kan shirin tafiyar da muka biya, da lokacin da ya fi dacewa a je

Kamfanin shirya tafiye-tafiyen da muka bi a 2025 ya tallata shirinsa da sunan azumi da sallah a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Kuɗin ya haɗa da neman biza, ɗauka daga filin jirgi, otal, da ɗan jagora. Ni da maiɗakina muka je, don mu duba ƙanina da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, mu kuma ga yadda mutanen Malesiya suke azuminsu. Wajen masauki da zirga-zirga sun fita kunyarmu. Wajen zaɓen ranaku kuwa ba su ba mu shawarar da ta dace ba, alhali duk daɗin garin nan ya rataya ne a kan lokacin da mutum ya sauka.

Bari in fara da inda suka kyauta. Sun sauke mu a wani otal kusa da titin Tuanku Abdul Rahman, wanda mutanen gari suke kira Jalan TAR, daf da unguwar Masjid India. Wanda ya zaɓi wurin nan ya san aikinsa. A goman ƙarshe, titin da daddare sai ka ce Kantin Kwari ne ranar jajibere: yadi, mayafai, huluna, turare, cincin iri-iri a gwangwanaye, iyalai ana ta ciniki har tsakar dare. Otal ɗin yana kawo sahur kan lokaci, akwai alamar alƙibla a ɗaki, kuma da ƙafa muke isa tashar jirgin ƙasa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne kasuwannin buɗa-baki da ake kafawa bayan la'asar a kusan kowace unguwa. Ɗan jagoranmu, wani matashi ɗan ƙabilar Malay mai haƙuri da ladabi, ya kai mu na Kampung Baru, tsohuwar unguwar da har yau take da gidajen katako a gindin dogayen benaye. A babban masallacin unguwar ana dafa wani faten shinkafa da nama da madarar kwakwa da kayan ƙamshi, bubur lambuk, a manyan tukwane, a raba kyauta ga duk wanda ya shiga layi. Ba a tambayar ko kai wane ne. Mun sha ruwa wajen bakwai da rabi saura kaɗan, ga hasumiyoyin Petronas masu hawa 88 suna haske a gabanmu. Daga nan sai asham. Mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka za ka ji liman yana bayyana bisimilla, kuma a masallatai da yawa raka'a ashirin ake yi, wasu su tashi bayan takwas. Bayan an idar a kan sake shimfiɗa ɗan abin taɓawa da shayi. Maiɗakina ta yaba da yadda aka tsara ɓangaren mata a Masallacin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1965, da wurin alwalarsu. Wannan makon shi kaɗai ya isa a ce kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Matsalar ta fara ne da ranar idi. Kamfanin ya gina tallarsa a kan bikin sallah, mu kuma muka ɗauka gari zai cika. Ashe akasin haka ne. Da yawa daga mazauna Kuala Lumpur asalinsu daga wasu jihohi ne, kuma kwana biyu ko uku kafin sallah sai kowa ya kama hanyar garinsu. An yi idi ranar Litinin 31 ga Maris, kwana ɗaya bayan Najeriya. Masallaci ya yi kyau, maza cikin riga da wando da zane a ɗaure a kugu, iyali guda kowa launi ɗaya. Amma da aka sauko sai tituna suka yi fayau. Ƙananan gidajen abincin da muka saba da su duk a rufe, ɗan jagoran ma ya tafi wajen iyayensa, wanda ba laifinsa ba ne. Laifin na kamfanin ne da bai faɗa mana ba, bai kuma tanadi komai a madadin haka ba. Mun ƙare a manyan kantunan zamani, inda babu abin da ya nuna sallah sai ado.

Wanda ke son ganin sallar mutanen nan, ya tsaya har mako guda ko biyu bayan idi. Su duk watan Shawwal suke shagalinsu. Da an dawo gari sai a fara buɗe gidaje ga baƙi, musamman Asabar da Lahadi, kuma ana gayyatar maƙwabta har da waɗanda ba Musulmi ba. Wani abokin karatun ƙanina ya kai mu gidansu ana gobe za mu taso. A nan muka ci lemang, shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora, da rendang, wato naman da aka dafa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi, muka ga ana ba yara goron sallah a cikin koren ambulan. Shirin kamfanin ya ƙare ne daidai lokacin da wannan yake farawa, kuma abin ya yi mini ciwo. Babbar sallah kuwa a birnin ba ta kai ƙaramar armashi ba, don haka ban ga dalilin ɗaukar doguwar hanya dominta ba.

Batun yanayi ma ba su yi mana bayani ba sai cewa akwai zafi. Zafin kansa ba ya wuce digiri 32 ko 33 da rana, kusan duk shekara, amma da gumi yake tafe, riga ba ta bushewa a jiki. Babu hunturu, babu rani irin namu. Ruwa ake yi a kowane wata, sai dai ya fi ƙarfi a Maris da Afrilu, sannan Oktoba da Nuwamba. Mu a tsakiyarsa muka faɗa. Safiya garau, da an yi la'asar sai hadari ya haɗo da tsawa, a sheƙa kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu, daidai lokacin cin kasuwar buɗa-baki. Motocin haya na Grab, waɗanda ake kira ta manhajar waya, su yi tsada, hanya ta cushe. Ambaliya ba baƙuwa ba ce a garin, shi ya sa ma suka haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa ta SMART da aka buɗe a 2007, wadda motoci ke bi, in ruwa ya yi yawa a rufe ta ta zama magudana. Da an ce mana mu riƙa fita da safe mu riƙe lema, da mun rage wahala.

Mai zuwa don yawon buɗe ido kawai, Yuni da Yuli sun fi sauƙin ruwa, kuma lokacin ne 'ya'yan itatuwa irin su durian da rambutan suke cika kasuwa. Janairu da Fabrairu ma ba laifi. Daga Agusta zuwa Oktoba a wasu shekarun hayaƙin gobarar daji daga tsibirin Sumatra yakan rufe garin, kamar a 2015 da 2019 da sai da aka rufe makarantu. Mai asma ko mai ƙananan yara ya yi la'akari da wannan, ko da bikin samun 'yancin kai na 31 ga Agusta yana jan hankalinsa.

'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya su lura da sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Shaguna da yawa na Sinawa ne, kuma sukan rufe na kwanaki. Kusan a lokacin ne kuma mabiya Hindu ke bikin Thaipusam a kogon Batu mai matakala 272, inda taron yake kaiwa dubban ɗaruruwa. Wurin ibadarsu ne, mu mun je ne a ranar da ba biki, muka hau muka ga kogon cikin natsuwa. Tunda azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya shigo kusa da waɗannan bukukuwan. A 2026 sabuwar shekarar Sinawa ta faɗo 17 ga Fabrairu, daf da kama azumi, don haka otal da tikiti sai an nema da wuri.

Zan iya sake bin kamfanin saboda masauki da ɗan jagoran, amma ni zan tsayar da ranakuna. Kuma kafin ku biya kowane kamfani, ku sa a rubuta muku sharaɗin sauya ranar dawowa. Da muka nemi ƙarin mako guda don mu riski buɗe gidajen Shawwal, kuɗin da aka yanka mana na sauya tikiti ya fi ƙarfin abin da ya rage a hannunmu.