Gaɓar Danub ko Tsaunukan Pamir: Wacce Mai Keke Shi Kaɗai Zai Fara?

Ɗan'uwa, sannu da himma. Ka ce kana da keke da tanti da hutun wata biyu zuwa uku, kana so ka ratsa ƙasashe kai kaɗai, amma zuciyarka ta rabu tsakanin hanyar Turai da ake kira EuroVelo 6 da hanyar Pamir ta tsakiyar Asiya. Ka ƙara da cewa ba ka taɓa yin tafiyar keke da ta wuce ta kwana biyu-uku ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi a wurina, kuma a kanta zan ɗora amsa.

EuroVelo 6 ɗaya ce daga cikin hanyoyin keke 17 da suka ratsa Turai. Ta tashi daga inda kogin Loire ya faɗa Tekun Atlantika a Faransa, ta bi kogin, ta tsallaka zuwa kogin Rhine, sannan ta kama kogin Danub tun daga kudancin Jamus har Konstansa a gaɓar Bahar Aswad. Tsawonta wajen kilomita 4,000 ne, ƙasashe 10: Faransa, Suwizalan, Jamus, Ostiriya, Sulobakiya, Hangari, Kuroshiya, Sabiya, Bulgeriya da Romaniya. Tun da kogi take bi, yawancinta shimfiɗe take. Ita kuwa Pamir, wadda taswira ke nunawa da M41, Tarayyar Sobiyet ce ta fasa ta a shekarun 1930. Daga Dushanbe, babban birnin Tajikistan, zuwa Osh a Kirgistan kimanin kilomita 1,250 ne. Masu son ƙara ƙasa sukan faro daga Samarkand a Uzbekistan, su shigo ta iyakar Panjakent da aka sake buɗewa a 2018.

Kada gajartar ta ruɗe ka. A gaɓar Danub mai matsakaicin ƙarfi zai ci kilomita 80 zuwa 100 a wuni, ya sauka da sauran kuzarin zagaya gari. A Pamir akwai ranar da in ka samu rabin haka sai ka gode wa Allah. Ba hawa kaɗai ke jawo hakan ba. Kwalta ta farfashe a wurare da yawa, wani wurin gargada ce da ke girgiza haƙora, wani wurin yashi ne da dole ka sauka ka tura, musamman in ka zaɓi bi ta kwarin Wakhan, daga Ishkashim zuwa Langar, ka haura mashigin Khargush. Ga iskar yamma da ke tasowa a kan tudun, wadda in ta fuskanto ka ko a gangara sai ka taka feda.

Amma babban abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne tsayi. A hanyar Pamir, garin Khorog yana sama da mita 2,000 daga saman teku, garin Murghab wajen 3,600, tafkin Karakul wajen 3,900, mashigin Ak-Baital kuwa mita 4,655. A mita 4,000 iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya kusan kashi 60 cikin ɗari ce ta wadda za ka samu a bakin teku. Ciwon tsayi yakan fara taɓa mutum daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, ƙin abinci. Bai san mai ƙarfi ba, bai san ɗan wasa ba. Likitocin hawan duwatsu suna ba da shawarar cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutawa wuni guda bayan kowane kwana uku-huɗu. In ciwon ya tsananta, ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, magani shi ne a sauka ƙasa nan take. To, a nan kaɗaici ke zama matsala. Ɗaya daga cikin alamomin kumburin ƙwaƙwalwa ruɗewa ce da tangaɗi, wato abin da zai sanar da kai cewa kana cikin haɗari shi ne ya fara lalacewa. Mai abokin tafiya, abokin ne zai lura ya ce mu sauka. Kai kuwa ba ka da shi. Ciwon tsayin nan ne ma dalilin da ya sa mafi yawan masu keke ke farawa daga Dushanbe, mai tsayin mita 800 da ɗoriya, su hau sannu a hankali ta gaɓar kogin Panj. Wanda ya faro daga Osh, kafin ya cika kilomita 200 ya riga ya haura mashigin Taldyk mai mita 3,615, ga kuma mashigin Kyzyl-Art mai mita 4,280 yana jiran sa a iyaka. Jiki bai samu lokacin sabawa ba.

A Danub babu wannan lissafin ko kaɗan. Abin da jiki zai yi fama da shi ciwon mazaunai ne daga sirdi, ciwon gwiwa in sirdin bai daidaita ba, zafin Yuli a filayen Hangari, da sauron bakin kogi da yamma. Sai kaska, wadda bai kamata a raina ta ba: a kudancin Jamus da Ostiriya tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar rigakafinta, mai kwana a ciyawa ya nemi a yi masa kafin tafiya.

Yanzu batun tanti, wanda na lura shi ne ya fi jan hankalinka. A nan Pamir ta yi wa Danub fintinkau, babu gardama. A kan tudun Pamir ƙasa ce buɗe, ka sauka daga titi, ka nemi bayan dutse da zai kare ka daga iska, ka kafa, ba mai tambayar ka. A ƙauyuka kuma akwai gidajen da ke saukar da baƙi a kuɗi kaɗan, da kwana da abinci. Abin da take nema a wurinka kaya ne na ƙwarai. Ko a watan Yuli dare na iya kai ruwa ga daskarewa, don haka jakar barcin da ta isa a Ostiriya ba za ta isa a Murghab ba. Tantin ya zama mai jure iska, turakunsa masu shiga ƙasa mai tsakuwa. Rishon ya zama mai cin fetur, domin ƙananan tukwanen gas ba a samun su da an bar manyan garuruwa. Ka kuma sani cewa a mita 4,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 87, girki na daɗewa, mai na ƙarewa da wuri. Tsakanin Murghab da Karakul akwai wajen kilomita 130 da kusan babu kanti, tafkin kansa kuma ruwansa na gishiri ne. Matatar ruwa dole ce, domin gudawa ita ce ta fi kayar da masu keke a can, fiye da duwatsun. Wuri ɗaya da ba a kafa tanti yadda aka ga dama shi ne gaɓar Panj, tun da tsallaken kogin Afganistan ce. Sojojin iyaka za su tashe ka, kuma inda ka ga allon gargaɗin nakiya, kada ƙafarka ta bar titi.

A Turai labarin ya juya. Ƙasar duk tana da mai ita, ko gona ce, ko gandun da doka ta kare. A Jamus da mafi yawan jihohin Ostiriya kafa tanti a daji ba da izini ba laifi ne, Kuroshiya ma ta hana, ana cin tara. Saboda haka yawancin dararenka a sansanin haya za ka yi su, tsakanin motocin masu yawon hutu, da banɗaki da ruwan zafi da wurin cajin waya. Daɗi kam akwai, amma kuɗi ne ke fita kullum, kuma a Suwizalan aljihu zai ji a jikinsa. In mafarkinka shi ne ka farka ba kowa sai kai da sararin Allah, rabin farko na wannan hanya zai ba ka haushi. Sai an wuce Budafes abin ke sassautawa, a Sabiya da Romaniya mai gona kan ce kafa a nan in ka yi sallama ka roƙa. Akwai kuma shafin intanet na Warmshowers, inda masu keke ke saukar da 'yan'uwansu kyauta, kuma a yammacin Turai ne suka fi yawa.

Duk da haka Danub nake ba ka shawarar farawa da ita, kuma dalilina guda ne: a can kuskure arha ne. Duk wanda ya fara doguwar tafiya sai ya yi kuskure. Ya ɗauki kaya fiye da kima, ya ɗaura nauyi duka a baya har wayoyin ƙafar keken su riƙa tsinkewa, ya sayi kariyar da ba ta ɗaukar jakunkuna, ya gano tantinsa na yoyo a daren farko da aka yi ruwa. Tsakanin Passau da Viyana, kilomita 320 da suka fi kowane yanki cika da masu keke, da wuya ka yi awa biyu ba ka ga gari ba. Mai gyaran keke na nan, gidan waya na nan ka aika da kayan da suka yi maka yawa, jirgin ƙasa na nan ka saka keken in gwiwa ta ƙi. A Pamir kuwa in giya ta karye bayan Alichur, sai ka zauna bakin titi ka jira babbar motar da za ta tausaya maka, kayan gyaran kuma wataƙila sai Dushanbe ko Osh. Shi ya sa tsofaffin hannu ke zuwa can da keken ƙarfe wanda ko mai waldar ƙauye zai iya liƙawa, da taya ta ajiya, da robar burki, da wayoyin ƙafa, da sarƙa, kuma sun iya sa su da hannunsu. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: ban da faci, me ka iya?

Takardu kuwa sun danganta da fasfon da kake riƙe da shi, amma ga inda mutane ke tuntuɓe. Tara daga cikin ƙasashe 10 na EuroVelo 6 suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum dukkansu, tun bayan shigar Kuroshiya a 2023 da buɗe iyakokin ƙasa na Romaniya da Bulgeriya a farkon 2025. Doka ita ce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin na yankin ne gaba ɗaya, ba na kowace ƙasa daban ba. Sabiya ba ta ciki. Ma'ana, ranar da ka shiga Sabiya ka fita daga Shengen, in bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ba za ka iya tsallakawa Romaniya ba. Ka nemi mai shiga da yawa. Ofishin jakadanci zai nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da shaidar masauki, mai tanti kuwa ba shi da takardar otal ta kowane dare, don haka ka rubuta tsarin tafiyarka dalla-dalla da sunayen sansanonin da za ka sauka. A Tajikistan biza kaɗai ba ta isa ba, sai da izinin shiga yankin Gorno-Badakhshan, wanda ake kira GBAO, kuma ana duba shi a shingaye. Ka yi kwafin fasfo da yawa. Iyakar Tajikistan da Kirgistan an rufe ta bayan faɗan 2021, aka sake gwabzawa a 2022, shugabannin ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar iyaka a Maris 2025. Wuri irin wannan ana tabbatar da halin da yake ciki ne dab da tashi, ba wata shida kafin nan ba. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, domin da ka bar Khorog kada ka dogara da na'urar cirar kuɗi.

Maganar tsaro ba zan ɓoye maka ba. A Yulin 2018 an kai wa masu keke hari a gundumar Danghara, kudu da Dushanbe, mutum huɗu suka mutu. Abu ne da ba a saba gani ba a can, kuma mutanen Pamir sun shahara da karɓar baƙo. Abin da ya fi yi wa mai keke barazana a hanyoyin biyu mota ce. A Pamir manyan motocin kaya ne masu zuwa daga Sin, da ramin Anzob, titin da ya ratsa cikin dutse, mai wajen kilomita 5 a hanyar Samarkand, wanda hayaƙi da duhunsa suka sa masu hankali ke ɗora keke a mota su wuce. A Danub kuwa, da an wuce Belgired hanyar keke ta musamman takan ɓace, a kwazazzabon da ake kira Ƙofar Ƙarfe za ka bi ramuka da dama tare da motoci, wasu ba fitila, sai ka kunna taka gaba da baya. Karnukan makiyayan Romaniya ma suna da nasu labarin. Gudu ba ya fitar da kai, ka sauka ka sa keken tsakaninka da su.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kaɗaici ya fi ciwo a Turai. Kana cikin mutane, amma kowa harkar gabansa yake yi, kana iya wuni ba wanda ya ce maka daga ina. A Pamir hanya ɗaya ce, lokacin ma gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka masu keke kan haɗu a masauki ɗaya a Dushanbe ko Khorog, su yi 'yan kwanaki tare su rabu.

In ka ɗauki shawarata, ka tashi daga yamma ka yi gabas, domin iska ta fi kaɗawa ta bayanka, kuma sashe mai sauƙi ne zai zo farko, mai wuya ya same ka ka riga ka goge. Ka ɗauki cikakken kayan da za ka je Pamir da su, har da rishon fetur da matatar ruwa, ka gwada su inda lalacewarsu ba za ta cutar da kai ba. In lokaci bai isa ba, Passau zuwa Belgired kaɗai ta ba ka ƙasashe shida. In kuwa ka ce sai Pamir a bana, to ka faro daga Dushanbe a Yuli, ka huta kwana biyu-uku a Khorog, ka sayi inshorar da ta rubuta ƙarara cewa ta ƙunshi hawan keke sama da mita 4,000, kuma ka nemi wanda za ku haura daga Murghab zuwa Sary-Tash a Kirgistan tare, ko da a masaukin Khorog kuka fara ganin juna.