Steam ko GOG: Ina Aka Fi Tace Wasanni?

Steam da GOG kantuna ne na sayar da wasannin kwamfuta ta intanet. Tun 2017 Steam ta buɗe ƙofa: mai dala 100 zai iya saka wasansa a kantin. Shi ya sa wasannin da aka harhaɗa a gurguje, ba gwaji ba gyara, suke binne na kirki. Mai saye sai ya dogara da sharhin waɗanda suka buga. A ƙa'ida ana mayar da kuɗi cikin kwana 14, muddin ba a kai awa 2 ana bugawa ba; matsalar da ta ɓullo a awa ta uku ta ci kuɗinka.

GOG kuwa ma'aikatanta ke tantancewa, suna gyara tsofaffin wasanni su tashi a Windows na yanzu, kuma wa'adin mayar da kuɗi kwana 30 ne. Sai dai hajarta kaɗan ce, gyare-gyaren wasu wasannin kuma kan iso a makare.