Asibitin da muke kai Baba a Alƙahira: wayarsu ta fi gininsu amfani

Wata goma sha ɗaya ke nan muna zirga-zirga tsakanin Kano da Alƙahira da mahaifina, tun da aka tabbatar yana da ciwon daji a huhu. Mutane da dama a kasuwar Kantin Kwari suna tambayata ko wurin ya cancanci kuɗinsa. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin ina da yabo, ina kuma da ƙorafi.

Maganin da ake yi wa Baba ba kimo ba ne, wato maganin dajin nan da aka saba da shi mai zubar da gashi. Sunansa pembrolizumab, a kwali kuma an rubuta Keytruda. Ta ƙarin ruwa ake sa shi, minti 30 an gama. Akwai mai yin miligiram 200 duk mako uku, mu sai likita ya zaɓa mana 400 duk mako shida, saboda kuɗin jirgi. Ranar farko ya zaunar da ni, tafinta na tsakaninmu, ya ce garkuwar jikin ɗan Adam tana da birki, shi kuma ciwon dajin yakan taka birkin don kada a yaƙe shi. Maganin sakin birkin yake yi. Wai binciken da ya haifar da irin wannan magani ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Sai ya ɗaga yatsa ya ce amma mota marar birki ba ta zaɓar abin da za ta buge. Garkuwar na iya juyawa kan hanji, ko hanta, ko huhun kansa, ko fata, ko tayirod, wato abin nan na wuya da idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Kuma tana iya yin haka ko bayan an daina maganin da watanni.

Na gyaɗa kai kawai. Hankalina na kan takardar kuɗi. Wata nas ta miƙo mini ƙaramin kati mai lambar waya, ta ce kada ya rabu da aljihun Baba. Na cusa shi cikin fasfo na manta.

Bayan ƙarin ruwa na uku, muna gida, gudawa ta kama shi. Kwana biyu, sau shida a yini, har da majina da ɗan jini. Gwaggo ta ce atini ne. Ƙanina ya je kemis ɗin unguwa aka haɗo masa Flagyl da maganin tsayar da ciki. Ni ma ban musa ba, don wa gudawa ba ta taɓa kamawa ba? Da daddare Baba ya ce mini, "Kai, wannan cikin ba irin wanda na sani ba ne." Sai a lokacin na tuna da katin.

Ƙarfe ɗaya saura na dare na tura saƙon murya ta WhatsApp. Ban kai ga ajiye wayar ba aka kira ni. Nas ɗin ba ta tsaya dogon gaisuwa ba: sau nawa yake zagawa fiye da yadda ya saba, akwai jini, akwai zazzaɓi, yana iya shan ruwa? Ta ce a ajiye maganin tsayar da cikin nan take, a kai shi asibiti da safe, a gwada bayan gida a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, a duba jini. Kafin asuba sun turo wasiƙa da zan nuna wa likitan Kano. Gwaji ya nuna babu ƙwayar cuta. Garkuwarsa ce ta far wa hanjinsa. Likitocin biyu suka yi magana ta waya, aka sa shi kan prednisolone, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, miligiram 60 a rana, daidai nauyinsa na kilo 60, aka ɗage ƙarin ruwan da ke tafe. Cikin kwana huɗu cikin ya lafa. Sun ja mana kunne kada mu yanke maganin don ya ji sauƙi. A hankali aka riƙa rage shi har mako shida. Kullum sai nas ɗin ta tambayi awon sugansa, don maganin na ɗaga suga, kuma ya ɗaga. A wannan daren kaɗai, ni dai sun ci kuɗinsu.

Ƙorafina kuwa, katin da Larabci da Turanci kawai aka rubuta shi, alhali ɗakin jiransu cike yake da Hausawa daga Najeriya da Nijar. Baba ba ya karanta ko ɗaya sai da taimako. Ranar Juma'a babu tafinta, sai ka nemi ɗalibin Azhar ya rufa maka asiri. Sannan akwai sakacin da har yau yake ci mini rai. Sun ɗebi jininsa don gwajin tayirod, sakamako ya fito, ba wanda ya duba sai bayan mako uku. Duk tsawon lokacin Baba na fama da kasala, yana jin sanyi a tsakiyar zafin Afrilu, muna cewa tsufa ne. Ashe tayirod ɗin ce ta yi rauni. Yanzu kowace safiya yana shan levothyroxine kafin karin kumallo, kuma likita ya ce da wuya ya daina. Sun ba da haƙuri, amma ba su rage ko sisi ba. Abincinsu ma ba a magana. Garin kunu muke tafiya da shi.

Duk wanda ya tambaye ni, ina ce masa ya je, amma kafin ya biya kuɗi ya tambaya wa zai ɗauki waya da tsakar dare, kuma ya fara samun likita a gida da zai yarda ya yi magana da su. Sakamakon gwaji kuma yanzu da kaina nake zuwa karɓa, in tsaya a kan likita sai ya karanta a gabana.

Katin na sa an fassara shi da Hausa a shagon kwamfuta, an lulluɓe shi da roba. Yana aljihun gaba na rigar Baba, tare da carbinsa. Ranar Talata mai zuwa za mu koma.